Kalandar Bara

Sitona na farko yana bakin Ƙofar Doka ne, ta waje, inda motar hatsi za ta iya juyawa ba ta goge katangar kowa ba. Gidanmu yana cikin birni, tafiyar minti goma a ƙafa. A bayan siton akwai ɗaki guda mai rufin kwano, a nan Baba ya zauna shekara huɗu.

Baba direba ne, mutumin kudancin Kaduna, Kirista ɗan Katolika. Shi ya riƙa ɗauko mini masara daga Saminaka da dawa daga Giwa tun ina sayen buhu goma-goma har na kai ina cika mota. Shekara goma sha biyar muna tare, ban taɓa sauke kaya na tarar an farke buhu ba. Da yanar ido ta rufe masa gani ya ajiye tuƙi. Ƙafarsa ta hagu ma ta soma kumburi, matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Kafanchan, ya ce shi ba zai je ya zauna a gidan suruki ba. Na ce to ya zo ya yi mini gadi. Ni da shi duk mun san gadin suna ne kawai, mutumin da ba ya bambance buhu da akuya a taku biyar ba zai kama ɓarawo ba. Amma sai da aka kira abin aiki sannan ya yarda ya karɓi ɗakin.

Kayansa ba su da yawa. Akwatin ƙarfe, tabarma, carbinsa mai gicciye, Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bayansa ya sha man inji, sai kalandar cocinsu da ya rataye a ƙusa. Kalandar ba irin ta kamfanoni ba ce. Kowace rana tana da ɗan akwatinta, a ciki an rubuta sunan waliyyin da ake tunawa da shi a ranar, a ƙasa kuma sura da ayoyin da za a karanta. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa tayar da mota da safe ba sai ya duba ranar wa ce ya yi karatun.

A makonsa na farko na same shi ya manna littafin a hanci, yana juya shi wajen hasken ƙofa.

"Alhaji, duba mini bango. Yau ranar wa?"

Na duba na gaya masa. Washegari ya sake tambaya, ya ƙara da cewa in faɗa masa sura da aya. Kwana na uku na buɗe masa wurin a littafin na miƙa masa, ya riƙe, yana shafa takardar da babban yatsa. Na karɓa na karanta masa. Ba mu taɓa zama mun yi shawara a kan abin ba, haka ya soma.

Ni aji shida na yi a firamare, karatun boko na Hausa ba ya ba ni wahala. Amma ni ɗan cikin birni ne, kakana alƙali ne, kuma magana ba ta daɗewa a Ƙofar Doka ba ta shiga gari ba. Na je na sami kawuna, wanda malami ne, na faɗa masa kafin wani ya faɗa masa. Ya tambaye ni ko ina da shakka a kan addinina, na ce babu. Ya ce, "To makaho ne ya ba ka takardarsa. Karanta masa, ka tashi ka yi harkarka." Masu magana sun yi ta wata biyu, suka gaji.

Kullum idan na dawo masallaci na sha koko, sai in fito. Ƙarfe bakwai ina sito, kafin 'yan dako su taru. Baba yana zaune a benci ya wanke fuska ya sa hula. Zai taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu biyu, in faɗi waliyyin ranar, in yi karatun, shi kuma ya ba ni labarin mutumin ko ban tambaya ba. Ta haka na san waliyyansu kamar yadda na san dillalan Makarfi. Akwai kafinta, ranar ɗaya ga Mayu. Akwai mai kamun kifi da aka ba mabuɗai. Akwai wata yarinya da ta ƙi auren ɗan sarki aka kashe ta, akwai wanda ya rabar da gonakin gadonsa ya koma hamada da zama, wanda ni har yau ban ga dabarar abin da ya yi ba. Wata safiya cikin Satumba na karanta suna, sai Baba ya yi dariya.

"Yau ta ɗan'uwanka ce, Alhaji. Mai karɓar haraji ne."

"Ni dillali ne, Baba."

"Duk a bakin ƙofa kuke zama kuna jiran na mutane."

"Shi ma ya shiga aljanna?"

"Ya shiga. Amma sai da ya bar teburin."

Na ce to ni a bar ni da nawa tukuna, masara tana tashi.

Coci kuwa ba ya iya zuwa kowace Lahadi saboda ƙafar. Cocinsu yana Sabon Gari. Sau uku a shekara nakan sa shi a a-kori-kurata in kai shi, in jira a waje in dawo da shi: Kirsimeti, Ista, da Larabar Toka, ranar da suke fara azuminsu na kwana arba'in, ake shafa musu toka a goshi. Cikin ukun ya fi riƙe ta tokar. Ya ce tun da aka yi masa baftisma ba ta taɓa wuce shi ba, ko a hanya yake sai ya nemi coci ya tsaya da mota. Sauran lokaci katikis ɗinsu, wato mai taimaka wa Fada, limamin cocin, da koyarwa da ziyarar marasa lafiya, yakan zo a babur sau ɗaya a wata. Shi ne kuma yake kawo sabuwar kalanda duk Disamba.

A farkon shekarun casa'in, Disamba ta zo katikis bai zo ba. Muka ji ya faɗi da babur ya karye. Ranar Kirsimeti na kai Baba coci, amma shagon littattafan da ke harabar a rufe yake. A hanyar dawowa ya ce, "Alhaji, idan ka shigo Sabon Gari cikin mako, ka karɓo mini kalanda." Na ce an gama.

Lokacin kaka ne. Yau ina Soba, gobe ina Giwa, jibi ina Makarfi, duk wanda ya san hatsi ya san a waɗannan makonnin ake yin shekara. Sau ɗaya na biya ta shagon, na tarar mai shi ya fita, ban jira ba. Na farka ranar ɗaya ga Janairu babu kalanda.

Ina tafe zuwa sito ina lissafi. Mu namu watanni su ne masu zagayawa, azumi yakan zo da zafi, ya zo da damina, ya zo da sanyi. Su kuwa na Turawa a tsaye suke. Kirsimeti ba ta taɓa barin ashirin da biyar ga Disamba ba. Waliyyin nan kafinta kullum yana ɗaya ga Mayu, shekara uku ina karanta shi a nan. A ganina kaya ɗaya ne, buhun kawai ake sakewa duk shekara. Na shiga ɗakin, na sauke tsohuwar kalanda daga ƙusa, na mayar da ita shafin farko, na sake ratayewa.

"Ka samo?"

"Na samo, Baba."

Ya miƙa hannu ya shafa ta. "Takardar bana ba ta da santsi."

"Komai na bana haka yake," na ce.

Na lura ranakun mako sun goce da kwana ɗaya, wanda aka rubuta Litinin ya zama Talata. Wannan bai dame ni ba. Waliyyai ina bin kwanan wata, karatun Lahadi mai jan rubutu kuma sai in ɗauko shi in sa a Lahadin da ta fi kusa. Na ga kamar na yi gyara mai kyau. Niyyata idan kasuwa ta lafa in sayo sabuwar in rataye shiru. Da na ga waliyyai suna zuwa daidai, mai hamada a ranarsa, yarinyar da ta ƙi aure a ranarta, sai niyyar ma ta kwanta.

Wata Lahadi ina cikin karanta masa labarin masu kamun kifi da aka kira suka bar tarunsu, ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan ba shi muka yi bara ba?"

"Littafi ɗaya ne, Baba. Dole a maimaita."

"Ana maimaitawa, amma ba baya da baya ba. Na Lahadi sai bayan shekara uku yake dawowa."

"To ga shi a rubuce."

Ya sauke hannun, na ci gaba da karatu. Bayan mako guda ya sake tsayar da ni a wani wurin. Rannan ina sauri, mota tana jirana, na ce masa, "Baba, tsufa ne. Shekarun sun soma haɗe maka." Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Zai yiwu." Daga ranar bai ƙara tsayar da ni ba. Labarin waliyyai ma ya rage. Idan ya fara sai ya ce, "Ko dai ba shi ba ne," ya bari. Na lura, amma ban sa abin a raina ba.

A kalandar da ke bango, Larabar Toka tana ƙarshen Fabrairu. Na gaya masa saura mako biyu, ya sa aka wanke masa farar rigarsa aka ajiye.

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe biyu, na shiga kasuwar Sabon Gari sayen buhunan da babu kowa a ciki. Mai sayar mini da su Ibo ne, mun daɗe tare. Ya ɗago daga ƙirga buhu, sai na ga baƙin gicciye a goshinsa. Na juya, matar da ke shagon gefe ita ma da nata. Wani mai tura baro ya wuce da nasa.

"Oga, wannan na mene ne yau?"

"Alhaji, kai da kake kawo tsohonka duk shekara? Yau Larabar Toka. Ban gan ku da safe ba."

"Ba sai ƙarshen wata ba?"

Ya yi dariya. "Wannan bara ke nan. Tana tafiya da Ista, Ista kuma tana tafiya da wata. Kamar naku."

Na bar buhunan a wurinsa na shiga mota. Daga Sabon Gari zuwa Ƙofar Doka na auna abin ta kowane gefe, kamar yadda na saba. Baba ba ya gani, ba ya fita, katikis yana kwance. Idan na yi shiru, yau za ta wuce bai sani ba. Amma bayan mako biyu zai sa farar riga in kai shi coci, ya tarar babu toka, ya ji daga bakin wani. Ko kuma in ce masa mota ta lalace rannan. Wannan ma na auna shi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni, na tuna da safe maiɗakina ta aiko masa da tuwo da miyar kuka, har da nama, ni na kawo kwanon da hannuna. A wannan rana su ba sa cin nama.

Na same shi a benci, kwanon yana gefensa a wanke.

"Baba, tashi ka sa rigarka. Yau ce Larabar Toka."

"Ka ce saura mako biyu."

"Na ce. Kalandar da ke bango ta bara ce. Ban sayo sabuwa ba, na juya tsohuwar na ce maka sabuwa ce. Na ɗauka duk ɗaya ne."

Ya juya fuska wajen ƙusar, ko da yake ba ya ganinta. Can ya ce, "Tun ɗaya ga Janairu?"

"Tun ɗaya ga Janairu."

"To masu kamun kifin nan, bara muka yi su."

"Bara ne."

"Da ɗayan ma."

"Duk biyun kai ne da gaskiya."

Ya sauke numfashi, ya dafa gwiwoyinsa. "Wata guda ke nan ina gwada kaina da dare. Ina kiran sunayen garuruwa daga nan zuwa Jos, in ga ko zan manta ɗaya. Na ce ido ya tafi, ƙafa ta tafi, yanzu kai ya bi su. Har na fara tunanin in aika wa 'yata ta zo ta ɗauke ni tun ina gane ta."

Na sha zagi a kasuwa, na sha a kira ni macuci a gaban jama'a, ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Na ce, "Ka yafe mini, Baba."

"Miƙo mini rigar. Maganar yafiya sai mun dawo."

A mota, da muka wuce Tudun Wada, sai ya juyo wajena. Ya ce, "Na ci nama."

"Ni na kawo."

"Ni na ci. Da daɗi kuwa."

Mun isa cocin wajen la'asar. Harabar babu kowa sai wata mata tana shara. Ta ce an yi na safe an yi na rana, Fada ya tafi ƙauyuka da sauran tokar, ba zai dawo ba sai gobe. Baba ya tsaya riƙe da ƙofar mota. Na tambayi matar gidan katikis, ta nuna mana wani ɗaki a bayan cocin.

Mun same shi zaune a kujera, ƙafa ɗaya a miƙe cikin filasta, sanda a gefe. Ya ga Baba ya yi murna, sannan ya ga goshinsa babu komai. Ni na yi bayani, ban rage ba. Ya saurara har na gama, ya dube ni ya ce, "Alhaji, da ka aiko ai da na ba ka tawa."

"Da na aiko."

Ya ce wa Baba, "Naman ba da sani ka ci ba, babu laifi. Azumin ma shekarunka sun wuce a tilasta maka."

"Na san wannan tun ba a haife ka ba," in ji Baba. "Toka nake tambaya."

Katikis ya yi ɗan tunani, ya kira matar mai shara ya ce ta duba ɗakin da ake ajiye kayan coci, ko ba a wanke faranti ba tukuna. Muka zauna jira. Ina kallon hannun Baba yana murza bakin rigarsa. Matar ta daɗe. Da ta dawo tana riƙe da ƙaramin farantin tangaran, a ƙasansa ɗan abin da ya maƙale, bai kai abin da za a ɗiba da yatsu biyu ba.

"Da ta riga ta wanke fa?" na tambaya.

"Da sai baɗi," in ji katikis.

Baba ya cire hula. Ya so ya durƙusa, ƙafar ta ƙi, katikis ma ba ya iya tashi. Sai na ɗauko benci na ajiye a gaban kujerar, na zaunar da shi suna fuskantar juna. Katikis ya goge farantin da babban yatsa, ya zana masa a goshi, ya faɗi kalmomin da suke faɗa a kan cewa mutum daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. Ni na ja baya na tsaya a bakin ƙofa. Tokar ba ta fito baƙa sosai ba, amma ana ganinta.

Kafin mu tafi katikis ya sa aka ciro kalandar ɗakinsa ya ba ni. Na duba shekarar da ke jiki sau biyu. Baba ya ce a ba shi, ya riƙe ta a cinya har muka iso.

A hanya na tsaya na yi la'asar a masallacin bakin hanya, yana jirana a mota. Da muka shiga sito na rataye sabuwar, na naɗe tsohuwar zan fita da ita.

"Alhaji, zauna. Kwana nawa daga ɗaya ga Janairu zuwa yau?"

Na ƙirga na gaya masa, arba'in da 'yan kai.

"To duk ba mu yi su ba. Waliyyan sun samu nasu, amma karatun na bara ne. Daga gobe biyu za ka riƙa yi mini, na ranar da ɗaya daga na baya, har su ƙare."

"Baba, 'yan dako suna zuwa bakwai da rabi."

"Sai ka zo shida da rabi."

"Maganar yafiyar fa?"

"Ita ce nake yi maka."

Haka aka yi. Na riƙa fitowa daga masallaci kai tsaye, kokon sai a biyo ni da shi. Ana cikin haka namu azumin ya kama, ya zamana ni da shi duk ba mai karyawa da safe, muna zaune a benci ɗaya, muryata tana dushewa kafin in kai ƙarshen na biyun. Bai taɓa cewa in bar ɗaya sai gobe ba. Kowace safiya kafin in fara sai ya sa na karanta masa kwanan wata da ranar mako da shekara, daga jikin kalandar. Idan na gama, yakan faɗi abin da yake tsammanin za a karanta, sau da yawa kuma yakan dace.

Mun gama na bayan ana saura kwana uku Istarsu. Na rufe littafin na ce masa shi ke nan, mun cimma kwanaki. Ya ce to, gobe in koma ƙarfe bakwai.